Idan Naka Ya Ɓace: Yadda Ake Kai Rahoto Caji Ofis da Abin da Doka Ta Ɗora wa 'Yan Sanda

Bayan sallar isha'i maƙwabcina ya buga mini ƙofa, ko sallamar kirki bai iya yi ba. Ɗansa mai shekara 7 aka aika sayo gawayi bayan la'asar, ga shi har an idar da isha'i babu shi babu labarinsa. Mun zaga layuka, mun leƙa gidan kallon ƙwallo, mun sa ladan ya yi cigiya a lasifika. Wajen ƙarfe 10 muka hau babur sai caji ofis. Ɗan sandan da ke kan kanta ya saurare mu tsaf, bai ko ɗauki biro ba, ya ce, "Baba, ku je ku ƙara dubawa. Sai ya cika awa 24 ake karɓar irin wannan." Muka ce to, Yallaɓai, muka juyo jiki a sanyaye.

Allah ya taimaka, washegari aka samu yaron a gidan wani mai unguwa can gaba da mu, wani mai shayi ne ya tsince shi yana kuka ya kai shi. Amma wannan "to" da muka ce ta daɗe tana cina. Da na san abin da na sani yanzu, da ba mu bar gaban kantar nan ba sai an rubuta sunan yaron.

Gaskiyar maganar awa 24

Babu wata doka a Najeriya da ta ce a jira kwana ɗaya kafin a karɓi rahoton ɓacewar mutum. Inda awa 24 ta fito a doka ma, akasin haka take nufi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta ce a sashe na 90 duk wanda ya san wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ko yake masa aiki ya ɓace, to ya sanar da 'yan sanda cikin awa 24, ya faɗi ko wane ne da yadda aka yi ya ɓace. Sashen ya kuma ce jami'in da ke kan aiki ya rubuta suna da adireshin wanda ya ɓace da na wanda ya kawo rahoton nan take.

Ka ga ke nan awa 24 wa'adi ne da aka ba ka kada ka wuce shi. Mai gidan da yaron shagonsa bai dawo ba, malamin tsangayar da almajirinsa bai kwana a makaranta ba, uwar ɗakin da 'yar aikinta ta fita ba ta dawo ba, su ne doka ke cewa su hanzarta. A bakin mutane ne maganar ta juye ta koma lokacin jira, wani ɗan sandan kuma ya samu abin fakewa, tunda ya san yawancin yaran da ake cigiya kafin gari ya waye an gan su. Lissafinsa ba ƙarya ba ne, sai dai yaron da aka sa a mota da magariba a Kano, kafin awa 24 ta cika ya tsallake Lakwaja.

Sashe na 4 na wannan doka ya lissafa kare rayuka da dukiya da hana aikata laifi cikin ayyukan rundunar, kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya ce a sashe na 14 tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ba alfarma ka je nema ba.

Mataki na 1: Minti talatin kafin ka bar gida

Raba mutane. Wasu su ci gaba da nema a unguwa, mutum ɗaya ya zauna a gida da waya a kunne, kai kuma ka shirya tafiya caji ofis. Idan ƙaramin yaro ne, a fara da wuraren da ba a so a ambata: rijiya, kududdufi, shadda, kangon gini, tsohuwar motar da aka ajiye a layi. A duba ƙarƙashin gado ma, don yaro kan yi barci a inda ba a zata ba alhali gari ya ɗauka ana nemansa.

Sai ka tattara bayani a takarda tun a gida, domin a gaban kanta kai ba ya aiki. Na ga uwar da aka tambaya wace riga ɗanta ya saka ta kasa tunawa, ita da ta yi masa wanka da hannunta. Rubuta cikakken suna da sunan da ake kiransa da shi a gida, don yaron da sunansa Muhammadu amma ake ce masa Abba ba zai waiwayo ba in an kira Muhammadu. Rubuta shekaru, tsayi, launin fata, tabo, zane a fuska, wushirya, ɗingishi, in'ina, harshen da yake ji, kayan da ke jikinsa har takalmi. Rubuta wanda ya gan shi a ƙarshe, a ina, da ƙarfe nawa. In yana da ciwon da ke buƙatar magani, kamar sikila, farfaɗiya, ciwon suga, taɓin hankali ko ruɗewar tsufa, sa wannan a sama, shi ne zai nuna wa jami'i cewa al'amarin na gaggawa ne.

Hoto kuma, a nemi na kwanan nan wanda ya yi kama da shi a yau da kullum. Hoton sallah da hula da kwalli da tabarau yana da kyau a bango, amma wanda ya ga yaron a tasha da ƙura a fuska ba zai gane shi da wannan ba. Ɗauki kwafi biyu ko uku, da katin shaidarka, da biro.

Mataki na 2: A gaban kanta

Je ofishin da ke kula da yankin da aka ga mutumin a ƙarshe. In ba ka tabbata ba, je wanda ya fi kusa, su za su faɗa maka inda ya dace, amma ka roƙa su shigar da zuwanka a littafi kafin ka wuce. A hanya kana iya kiran 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda ba a cajin kuɗi, sai dai kira ba ya maye gurbin zuwa da ƙafa. Ku je ku biyu, ɗaya na magana ɗaya na lura. Ba sai uba ko miji ba, uwa ko ƙanwa ko maƙwabci duk za su iya kai rahoto.

Abu huɗu kake so ka fito da su daga wannan ofis, kuma kada hayaniya ta mantar da kai ko ɗaya.

Na farko, a shigar da rahoton a babban littafin nan da ke kan kanta, mai ɗauke da kwanan wata da lokaci da lambar shigarwa. Ka tsaya ka ga an rubuta, ka kwafi lambar da lokacin a takardarka. A aikin ɗan sanda abin da bai shiga littafi ba kamar bai faru ba ne. Ranar da za ka kai ƙorafi gaba, tambayar farko da za a yi maka ita ce yaushe ka kai rahoto, wa ya karɓa.

Na biyu, a ɗauki bayaninka a rubuce. In ba ka iya Turanci ba ka faɗa da Hausa a rubuta, sannan a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu. Kada ka sa hannu a farar takarda. Nan ne kuma wurin faɗin gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an yi wa yaron duka da safe, faɗa. In yarinyar ana shirin aurar da ita ga wanda ba ta so, faɗa. In maigidan bashi ya yi masa katutu, ko akwai rigimar gado, ko yana shaye-shaye, faɗa. Iyalai da yawa kan ce "ai lafiya lau muke, ba shi da abokin faɗa" don kare mutuncin gida, sai su tura mai bincike gabas alhali mutumin yana yamma. A lissafa har mutanen da yaro ya saba da su ya yarda da su. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021, wadda labarinta ya girgiza ƙasar nan, mai makarantar da take zuwa ne ya ɗauke ta, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Ambaton suna ga mai bincike ba tuhuma ba ce, shi zai tantance.

Na uku, ka san ɗan sandan da aka miƙa wa binciken maganar, wato IPO, da sunansa da muƙaminsa da lambar wayarsa. In yaro ne ko mace, tambayi ko akwai sashen kula da yara da mata a ofishin.

Na huɗu, ka roƙa a aika sigina zuwa sauran ofisoshin 'yan sanda da hedikwatar jiha, da hoto da kwatance. Wannan shi ne abin da kai ba za ka iya yi da kanka ba. Sau da yawa yaron da ake nema a wannan yanki yana zaune a bayan kantar wani yanki, an tsince shi an kai, kowane ɓangare bai san da ɗaya ba.

Daga baya ka nemi takardar shaidar kai rahoto, wadda ake cirowa daga wancan littafi. Banki da kotu da wurin aikin wanda ya ɓace duk za su tambaye ta. Ita wannan takarda ana iya cewa akwai kuɗin hukuma a kanta, in haka ne ka karɓi rasit. Kai rahoton kansa kyauta ne. Zancen kuɗin fayil da kuɗin mai kuwa, kowa ya san ana yi, kuma ba zan zargi uban da hankalinsa ya tashi don ya zuba wa mota mai a fita neman ɗansa ba. Amma ka sani ba sharaɗi ba ne, babu wanda ke da ikon ƙin rubuta rahotonka don ba ka ba da komai ba.

Mataki na 3: Idan aka ce ka dawo gobe

Kada ka ɗaga murya, kada kuma ka tafi. Ka ce, "Yallaɓai, na ji, amma sashe na 90 na Dokar 'Yan Sanda ya ce a rubuta nan take. Don Allah a shigar, ko a haɗa ni da DCO ko DPO." DCO shi ne jami'in da ke kula da binciken laifuka a ofishin, DPO kuma shugaban ofishin baki ɗaya. Yawanci da zarar na kan kanta ya ga ka san sunan sashe kuma kana duba sunan da ke ƙirjinsa kana rubutawa, littafin zai buɗe. In da hali ka tafi da mai unguwa ko wani dattijon da aka sani, zuwansa na rage ja-in-ja.

In abin ya faskara, ko an karɓa amma kwanaki sun wuce babu motsi, sai a hau sama da takarda. Daga DPO sai kwamandan yanki, daga shi sai Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda a Kano ofishinsa ke Bompai. Takardar koke ba ta buƙatar lauya, shafi ɗaya ya isa: wane ne ya ɓace, yaushe, ranar da ka kai rahoto da lambar shigarwa, abin da aka yi da wanda ba a yi ba, sai abin da kake roƙo, misali a mayar da binciken CID, wato sashen binciken manyan laifuka na jiha. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka. Wannan hatimi ya fi alkawarin baki goma.

Akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, wanda ke karɓar koke ta waya da WhatsApp ya ba ka lambar bibiya. Kakakin rundunar jiha ma ƙofa ce da ke saurin buɗewa. A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ladabtar da jami'ai, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mai ofis a jihohi.

Mataki na 4: Wayarsa da asusunsa

In wanda ya ɓace na da waya, ba mai bincike duk lambobinsa, har tsohon layin da ya daina amfani da shi. Nemo kwalin wayar, a jikinsa akwai lambar IMEI mai lamba 15, wadda ke bin wayar ko an canza layi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa, a sashe na 38, su adana bayanan kira da na masu layi har shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro in an nema ta hanyar da ta dace. Kai ba za su ba ka ba ko da kai ne mahaifinsa, don haka aikinka shi ne ka matsa wa IPO ya rubuta takardar neman bayanan da wuri. Haka batun banki yake, ko an cire kuɗi da katinsa da inda aka cire, sai ta hannun masu bincike, galibi da umarnin kotu.

Kada a yi gaggawar zuwa a rufe layinsa ko a yi sabon sim da lambar. Kada a bar yara su yi ta danne-danne a wayar da ya bari a gida suna goge saƙonni. Shaguna da gidajen mai da ke hanyar da ya bi, in suna da kyamara, a je a roƙa a duba a ranar ko washegari, domin yawancin na'urorin kan shafe tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki.

Masu cewa a biya su su yi "tirakin", wato su gano inda waya take, a intanet, mafi yawansu kuɗinka kawai za su ci.

Mataki na 5: Cigiyar da ke hannunka

Kai rahoto ba ya nufin a koma gida a naɗe hannu. Mu da muke da tsohon tsarin cigiya, a yi amfani da shi: mai unguwa da dagaci, masallatan unguwannin da ke kewaye, 'yan sintiri, gidajen rediyo. A Kano a leƙa ofishin Hisbah, musamman lokacin hawan sallah ko wani babban taro, da gidan yara na Nassarawa. A bi tashoshin mota a nuna wa 'yan kamasho hoto, su idonsu na kan kowa. A bi sashen gaggawa na manyan asibitoci, irin su Murtala da Malam Aminu Kano, a tambayi ko an kawo wanda ba a san danginsa ba. A kira jami'an kiyaye haɗurra a 122 in tafiya ya yi. In yana da taɓin hankali, a duba asibitin Dawanau ko na Barnawa a Kaduna. Ɗakin ajiye gawa ma sai an daure an je, amma a tura mai ƙarfin zuciya, kada a tura uwa.

Sanarwa a Facebook da WhatsApp tana aiki sosai, tana kuma jawo ƙudaje. Sa hoto, kwatance, wuri da kwanan wata, da sunan ofishin 'yan sandan da aka kai rahoto. Kwanan watan nan kada a manta da shi, shi ya sa ake ganin hoton yaron da aka samu tun shekara uku yana ta yawo. Lambar waya ɗaya za a sa, ta mutum mai natsuwa. Ɓoye wata alama guda, kamar tabon ƙuna a cinya, kada ta fita a sanarwa. Domin za a kira. Wani zai ce yaron na hannunsa a wani gari, a turo kuɗin mota. Tambaye shi wannan alama, ko ka ce a ba yaron waya ya faɗi sunan kakarsa. Ɗan damfara a nan yake kashe waya.

Kada a sa hoton wani a ce shi ake zargi. Ban da ƙarar ɓata suna da za ta iya biyo baya, a garuruwanmu kalmar "ɓarawon yara" kaɗai ta isa a kashe mutum kafin a tambayi sunansa.

In kuwa kiran ya tabbata na masu garkuwa ne, magana ta tashi daga ɓacewa ta koma babban laifi. A sanar da IPO nan take don a mayar da ita sashen yaƙi da garkuwa da mutane, a sanar da DSS, a rubuta kowace lamba da lokacin kira, mutum ɗaya ya riƙa amsawa, a kuma janye bayanan iyali daga intanet.

Mataki na 6: Idan ana zaton fatauci ne, ko an ƙetare iyaka

Yarinyar da aka yi wa alkawarin aiki a Libiya ko Saudiyya, ko ƙaramin yaron da ake jin an yi nisa da shi, a haɗa da NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane da aka kafa a 2003, wadda ke da ofishin shiyya a Kano da lambar kira 627. Tun watan Satumba na 2022 hukumar ke da haɗin gwiwa da kamfanin Meta, inda ake tura sanarwar yaron da aka sace zuwa Facebook da Instagram na mutanen da ke yankin. Sharaɗin shi ne yaron bai kai shekara 18 ba, akwai dalilin zaton sace shi aka yi kuma yana cikin haɗari, sannan akwai hoto da isasshen kwatance. In ana jin an fita da shi ta Maraɗi ko Agadas, 'yan sanda na iya neman sanarwar Interpol, hukumar 'yan sandan duniya, mai launin rawaya, wadda aka tanada don waɗanda suka ɓace, ta ofishinta na Abuja.

Wanda rikici ya raba da nasa, musamman a arewa maso gabas, ya je ofishin Red Cross ya yi rajista, kyauta ne. A 2019 ICRC, wato ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, ta ce tana da sunayen kusan mutum 22,000 da ake nema a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace.

Mataki na 7: Idan hukuma ce ta ɗauke shi

Wani lokacin wanda ake cigiya yana tsare ne. An yi kame a majalisa ko a bakin kasuwa, an kwashi matasa, waya na hannun jami'ai. Don haka a zaga ofisoshin 'yan sanda na kusa, da na NDLEA da Sibil Difens da Hisbah, da gidan gyaran hali, a tambaya da cikakken suna da kuma laƙabi.

A nan doka ta yi magana dalla-dalla. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa hukumar da ke tsare da mutum alhakin sanar da danginsa ba tare da ya biya komai ba, a sashe na 6. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani, sashe na 34 kuma ya ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Jihohi na da irin tasu, Kaduna tun 2017, Kano tun 2019.

In shaidu sun ga masu kaki sun tafi da shi amma kowace hukuma ta ce ba ya hannunta, a rubuta komai tun ba a manta ba: launin mota, lamba, irin kaki, yawan mutanen, lokaci. Sai a nemi lauya ya shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 46, ya roƙi a umarci hukumar ta fito da shi. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ke tsare. Marar hali ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ɓatar da mutane tun 2009, ko da yake wanda ya bi labarin Dadiyata, malamin jami'a mai sukar gwamnati da aka ɗauke a gidansa a Barnawa cikin watan Agusta na 2019 aka shafe shekaru ana tambayar ina yake, ya san akwai tazara tsakanin takarda da aiki.

Mataki na 8: Idan kwanaki suka zama shekaru

Doka ba ta sa ranar da rahoton ɓacewa ke mutuwa ba, amma ana yi wa jami'ai canjin wurin aiki, fayil kuma na nutsewa a ƙarƙashin wasu. Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk zuwan da ka yi da wanda ka gani da abin da ya ce. In an canza IPO ko DPO, je ka gabatar da kanka ga sabon da kwafin takardunka. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka dawo da yara 9 daga Onica a jihar Anambra, wasunsu sun yi shekaru da ɓacewa, an canza musu suna, wasu Hausar ma ta gudu daga bakinsu. Jagoran masu satar ya samu ɗaurin shekara 104 a 2021. A irin wannan rana, tsohon hoto da takardar rahoto da bayanin tabon da ke jikin yaro su ne hujjar uba.

Sai batun da ba a son tayarwa amma rayuwa ke tilastawa: matarsa, dukiyarsa, haƙƙinsa na aiki. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 164, ta ce wanda aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba daga waɗanda da yana raye da sun ji, kotu na iya ɗaukarsa a matsayin mamaci. Ga ma'aikaci mai asusun fansho, sashe na 9 na dokar fansho ta 2014 ya rage jiran: in an shekara ɗaya da bayyana ɓacewarsa ba a gan shi ba, kwamitin binciken da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta kafa na iya yanke cewa a ɗauka ya rasu, a biya magada. A kotun Musulunci kuma, bisa mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. A lura, lissafin ba ya farawa daga ranar da ya fita daga gida, sai an kai maganar gaban alƙali, don haka matar da ta zauna shekara biyar tana jira ba ta je kotu ba, ba ta fara ƙirga komai ba. In bai bar mata abin ci ba, tana da hanyar neman rabuwa saboda rashin ciyarwa ba tare da wannan dogon jira ba. Rabon gadonsa hukuncinsa daban ne kuma jiransa ya fi tsawo, kada dangi su raba da kansu a zaure.

Idan an gan shi

Baligi mai hankali da ya tafi don ransa bai yi laifi ba, sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba shi 'yancin zuwa inda ya so. 'Yan sanda za su iya tabbatar maka yana raye lafiya, amma ba aikinsu ba ne su ɗauro shi su kawo gida. Sulhu sai a nemi manya.

Yaro kuwa, a fara kai shi asibiti a duba shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, a bar tambayoyi da faɗa sai ya ci ya yi barci. Sannan a koma caji ofis da shi a rubuta cewa an same shi, a sanar da mai unguwa da gidan rediyo, a goge sanarwar intanet a sa sabuwa mai kwanan wata. Mu a namu, murna ta sa sai bayan kwana uku muka tuna ba mu gaya wa ladan ba, yana nan yana ta cigiyar yaron bayan kowace salla, yaron kuwa na sahun baya yana jin sunansa.